Gwadabe da Dokar Turke

Shekara biyu bayan ruwan madatsar Tiga ya cinye tsohon garinmu har aka dawo da mu kan tudun da muka raɗa wa Sabuwar Marke, babu mutumin da ya kai Gwadabe muhimmanci a garin, in dai shi ka tambaya. Wata uku kacal ya yi yana riƙe wa masu awon ƙasa sanda lokacin aikin madatsar, amma in ya zauna ba da labari sai ka rantse shi ya nuna wa injiniyoyi inda za su tare kogin. Yakan ce ba don shi ba da yanzu ruwan yana Doguwa. Ba ma yi masa gardama, domin gardama da Gwadabe yini guda take ci, mu kuwa ban ruwa yana jiranmu.

Abin da ya ɗaga shi boko ne. Ya yi rani ɗaya a ajin yaƙi da jahilci, ya fito yana bin baƙaƙe da ɗan yatsa yana haɗawa. A da, Malam Rufa'i ne ke karanta wa Mai unguwa Datti duk takardar da ta shigo gari, saboda da ajami ake rubuto mana. Da takardun hukuma suka koma boko zalla, sai buzun da ke daman mai unguwa ya zama na Gwadabe, Malam Rufa'i ya matsa jikin bango da carbinsa. Buzun nan shi ne ran Gwadabe. In zai tashi sai ya kaɗe shi ya naɗe da hannunsa, kada wani ya ɗana a bayan idonsa. Ni dai ban taɓa ganin babban mutum yana son fatar tunkiya haka ba.

Wata Litinin da hantsi masinja ya kawo takarda mai hatimi. Aka tara mu a ƙofar mai unguwa, Gwadabe ya hau buzu, ya yi gyaran murya har sau uku, ya kai takardar nesa ya dawo da ita kusa. Ashe doka ce aka kafa kan yadda za a riƙa kiwon dabbobi. A ba su ruwa, a yi musu inuwa, kada a labta wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, kada a ɗauki kaza kai a ƙasa, kada a doki dabba dukan zalunci. Malamin dabbobi kuma zai zo ranar Alhamis ya duba da idonsa. Saura layi ɗaya a ƙasa, amma karatun ya riga ya ci awa guda, yatsan Gwadabe ya gaji, sai ya ce wannan layin babba ne, sai ya yi nazari a kansa.

Mai unguwa dattijo ne mai gudun abin kunya a gaban baƙo. Ya ce tunda Gwadabe ne ya ga dokar ido da ido, shi zai shirya garin. Gwadabe ya ce dama aikin bai dace da kowa ba sai shi. Ya ƙara da cewa idan malamin ya ga abin da zai yi, daga Bebeji har Kiru za a riƙa turo mutane su zo su koya, kuma ba mamaki hukuma ta nemi ta ɗauke shi zuwa Kano, amma zai ƙi saboda mu.

Da Uwani ya fara. Tsohuwa ce mai kiwon kaji, ta ɗauro uku a ƙafa, kawunansu na lilo, za ta kasuwar Yako. Ya tare ta a bakin hanya ya ce doka ta ce dole kaza ta riƙa ganin inda za a kai ta. Uwani ta ce kazar da za a kai wa mahauta gara ma kada ta gani. Ya ce ita ba ta san hukuma ba, ya karɓe su ya kwance ƙafafun don ya nuna mata riƙon da ake yi a birni. Ta farko ta haura dangar gidan liman. Ta biyu ta bi ta. Ta uku ta tsaya a hammatarsa daidai lokacin da za ta yi abin da kaji suka saba yi a jikin riga, sannan ita ma ta tafi. Motar Yako ta zo ta wuce. Uwani ta je ta shimfiɗa zani a ƙofar gidansa ta zauna, ta ce ko yini ne za ta yi, sai an kawo mata kajinta a ɗaure yadda ta ɗauro su.

Washegari ya gamu da Isa, wanda ya fi kowa fili a bakin ruwa, albasa da alkama. Yana kore da jakinsa da mangala cike da taki. Gwadabe ya ɗaga hannu ya ce kayan ya yi yawa. Isa ya tambaye shi nawa dokar ta ce a ɗora. Takardar ba ta faɗa ba, amma wannan bai taɓa hana Gwadabe amsa ba. Ya ce ƙa'idar ita ce, abin da ɗan Adam ba zai iya ɗauka ba, kada a ɗora wa jaki.

"To bismillah, auna mana," in ji Isa.

Mutum biyu suka aza masa mangalar a ka. Ya yi taku uku masu kyau. A na huɗu gindin mangalar ya buɗe, takin ya sauko masa tun daga hula har cikin aljihu. Yana tsaye a cikin tulin, ido a rufe, ya sanar da mu cewa awo ya tabbatar kayan ya yi yawa. Jakin yana gefe yana kallo, bai taɓa samun hutu irin na ranar ba.

Maganar inuwa kuwa a gidansa ya so ya kafa misali. Ya kafa shika-shikai a kan turken awakinsa, da ya rasa zana sai ya sauko da harawar waken da matarsa Tani ta adana don tsakiyar rani, ya rufa rumfar da ita. Ya kira maƙwabta su zo su gani. Kafin azahar awakin sun miƙe a kan ƙafa biyu sun cinye inuwar tas, sun koma suna kwance a rana suna tuƙa. Tani ta fito da muciya a hannu ta tambaye shi me za su ci a watan gobe. Ya ce mata ta yi murna, wannan alama ce dabbobin sun karɓi dokar hannu biyu. Abin da Tani ta ce masa ba zan maimaita ba, amma an ji shi har masallaci.

Duk wannan ba komai ba ne. Ranar Laraba bayan la'asar ya sa aka sake tara mu, ya ce ya gama nazarin layin ƙarshe, kuma shi ne uwar dokar. Ya ɗora yatsa ya karanta a hankali:

"Dabbobin da igiyoyinsu suka ci musu wuya, a sake su."

Muka dubi juna, kuma sai na faɗi dalili. A tsohon gari, da an gama girbi sankira yake yekuwa a saki dabbobi, su yi ta yawo a gonaki har faɗuwar ruwa. A nan kuwa babu lokacin da ƙasa take hutawa. Ana cire gero ake dasa albasa a bakin ruwa, ga alkama, ga tumatir. Saboda haka tun da muka zo dabbobinmu suna turke, damina da rani. Shekara biyu a igiya ɗaya, babu akuyar da wuyanta bai yi kanta ba. In dai za a bi layin nan, babu wadda za ta rage a ɗaure.

Isa ya miƙe ya ce alkamarsa ta kai gwiwa, kuma dangar da ke tsakaninta da gari ko ɗan maraƙi zai ture ta. Gwadabe ya ce yunwar 'yanci ce ke damun dabbobin ba ta alkama ba, kuma dabbar da hukuma ta girmama ba za ta yi ɓarna ba. Ya ma riga ya tsara yadda za a yi. Za a sake su da hantsi, su jeru a bakin hanya, shanu a gaba, tumaki a tsakiya, awaki a baya, su tari baƙo. Aka tambaye shi wa zai jera su. Ya ce tsari yana jera kansa.

Malam Rufa'i daga jikin bango ya roƙi a maimaita masa ƙarshen layin. Gwadabe ya maimaita. Malam ya ce a ƙara. Gwadabe ya ƙara, da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma. Malam ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbi. Da aka tashi, an gan shi a zaurensa ya baza rama a cinya yana tufka.

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Hankalinsa bai kwanta ba, amma tsoron saɓa wa hukuma ya fi masa tsoron Isa.

"Gwadabe, ka tabbata abin da takardar nan ta ce ke nan?"

"Ranka ya daɗe, in ba haka ta ce ba, a tashe ni daga buzun nan, kada in ƙara hawansa."

Duk mun ji, kuma mun san bai da abin da ya fi wannan da zai ajiye.

Alhamis da hantsi sankira ya zaga. Gwadabe ya fito da farar riga da wuƙar fawa da ya aro, yana bi gida gida. Wasu suka ce a bari su kwance a hankali su ajiye igiyoyin. Ya ce a'a, igiyar zalunci ba a ajiye ta, ya riƙa datsa su guntu-guntu don kada wani ya yi sha'awar komawa gidan jiya. Gidan Malam Rufa'i kaɗai ya tarar a rufe, ya ce a ƙyale shi, hukuma za ta yi maganinsa.

Gaskiya da farko abin ya yi kama da zai yiwu. Dabbobin suka fito fili suka tsaya cirko-cirko, sun manta yadda ake tafiya ba igiya. Gwadabe ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Har ya buɗe baki zai yi jawabi sai wani tsohon bunsurun Uwani, wanda ya san yawon rani tun a tsohon gari, ya ɗaga hanci ya shaƙi iskar bakin ruwa. Ya taka a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa. Awaki suka bi shi. Tumaki suka bi awaki. Shanu, da aka ce su ne a gaba, suka zo a ƙarshe suka kwantar da dangar gaba ɗaya.

Isa ne ya fara gudu, garin ya rufa masa baya. Kafin mu isa, alkamar da ta kai gwiwa ta koma idon sawu. Tumaki sun bazu a fangalin albasa suna tsinke ganye suna tofarwa. Sān mai unguwa ya zame cikin hanyar ruwa ya toshe ta, ruwan ya juya ya shiga tumatirin liman. Kowa ya rarumi abin da ya samu, wani kara, wani sanda, wata muciya, aka hau dukan dabbobi ta ko'ina. Gwadabe yana tsakiya da takarda a sama yana tunatar da jama'a cewa doka ta hana duka. Wani rago da bai san da dokar ba ya ja da baya ya same shi a inda ake zama, ya kifa cikin laka.

Sai kuma aka gane babu abin ɗauri. Duk wanda ya kama akuya sai ya tsaya rungume da ita yana waige-waige. Mata suka fara tuɓe ɗankwali. Liman ya ba da ɗamararsa. Mai unguwa, da kansa, ya warware rawaninsa aka zarga wa sān a ƙaho, mutum shida suna ja. Isa ya riƙo bunsurun Uwani, ya duba hagu ya duba dama, ya ga Gwadabe yana tasowa daga laka, sai ya miƙa hannu ya zare masa tazugen wando.

A daidai wannan lokacin Malam Surajo, malamin dabbobi, ya iso daga Tudun Wada. Ya kashe babur ɗinsa a kan gaɓa ya tsaya yana kallo. Abin da ya gani shi ne gari guda, maza da mata, suna jibgar dabbobi a cikin gona, shugabansu kai ba rawani. Mutum ne mai haƙuri. Ya cire hular kwano, ya naɗe hannun riga, ya shiga ya taya mu. Tumaki huɗu da cikinsu ya kumbura don ɗanyar alkama, shi ya ɗura musu magani. Sai wajen azahar aka gama tattara na tattarawa.

Aka zauna a ƙofar mai unguwa. Gwadabe ya shimfiɗa buzunsa ya hau da lakarsa, hannun hagu riƙe da wando, na dama riƙe da takarda. Ya yi wa baƙo maraba, ya ce kamar yadda malam ya gani, Sabuwar Marke ce gari na farko a ƙasar Kano da ya cika dokar nan har ƙarshenta. 'Yan kurakuran da aka samu kuwa daga dabbobin ne, don ba a karanta musu ba.

Malam Surajo ya tambaya wa ya ce a saki dabbobi a kan shukar mutane. Gwadabe ya ce hukuma, ya miƙa masa takardar yana nuna layin da haɓa, tunda hannu ɗaya yana kan aiki. Malamin ya duba, ya sake dubawa. Sannan ya karanta a fili, ya ja "sa" ɗin nan ya yi tsawo, irin yadda ake cewa a sake riga in ta yi datti.

"Igiyoyin za a sake, ranka ya daɗe," ya ce da mai unguwa. "A cire tsofaffi a sa sababbi masu laushi. Ba wanda ya ce a saki ko da ɗan akuya."

Babu wanda ya yi dariya, don kowa yana tuna gonarsa. Isa ya sunkuyar da kai, na ga hawaye a idonsa, domin aikin wata biyu ne ya tafi a hantsi ɗaya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai da ganin haka. Uwani ce ta tambaya daga bayan mata ko akwai sauran layi a takardar, don a faɗa mata ta kwashe kajinta ta bar garin tun da wuri.

Gwadabe bai saduda ba. Ya ce baƙaƙen ɗaya ne, a duba, sa da ke, ko a Kano haka za a karanta. Malam Surajo ya ce gaskiya ne baƙaƙen ɗaya ne, shi ya sa ake so mai karatu ya haɗa da hankali. Gwadabe ya ce injiniyoyin Tiga gajarta shi suke yi. Malamin ya ce bai san injiniyoyi suna kiwon awaki ba. Ya tambaya ko akwai gidan da zai iya dubawa, tunda aikin da ya kawo shi ke nan. Aka kai shi gidan Malam Rufa'i, ya tarar da awaki biyar a ƙarƙashin ɗurumi, ga ruwa a kasko, kowace da sabuwar igiyar rama a wuya. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ce zai dawo bayan mako biyu ya ga sauran gidajen sun zama haka.

Da suka dawo, mai unguwa ya tambayi Malam Rufa'i yadda aka yi ya gane. Malam ya ce shi bai gane komai ba, ya dai ga hukuma ba ta da gona a nan da za ta so a cinye. Ya ƙara da cewa da da ajami aka rubuto, da ba a yi haka ba, domin saken da ake canja abu yana da alif, na kwance igiya kuwa ba shi da shi.

Mai unguwa ya gyara zama. An dawo masa da rawaninsa, amma yana warin sān da aka ja da shi, sai ya ajiye shi a cinya. Ya ce a kawo tawada da takarda, Malam Rufa'i ya matso kusa. Malam ya matso, ya tsaya a gefen buzun bai taka ba.

"Rubuta wa hakimi," in ji mai unguwa. "Mai karanta mana takarda, a sake shi."

Gwadabe ya ɗago da sauri. Har a lokacin yana ganin akwai ƙofa.

"Ranka ya daɗe, wanne daga ciki? Ai ka ji malam ya ce iri biyu ne."

Malam Rufa'i ya tsoma alƙalami, ya tsaya da shi a sama.

"In sa alif ne, ko in bari?"

"Rubuta sau biyu," in ji mai unguwa. "Ɗaya da alif, ɗaya babu."

Gwadabe ya tashi. Ya sunkuya zai naɗe buzun yadda ya saba, sai ya ga aikin na hannu biyu ne, shi kuwa ɗaya gare shi. Ya tsaya ya dubi buzun, ya dubi wandon, sannan ya zaɓi wandon ya nufi gida.